Hantar ɓera, lissafi, da sha-ka-fashe: ZARE 🧵

1/ Jama'a, yau tarihi zan ba ku, na wani lissafi da aka shafe shekaru ana yi a kan hantar ɓera. Na san wani zai ce ina ruwanmu da ɓeran Turawa. Ku dai biyo ni, domin irin ƙwayar da ake lissafin a kanta tana cikin jakar 'yan mata da yawa a birnin Zariya yanzu haka.

2/ Ga abin da ya jawo zancen. Ƙanwata, 'yar gwaggona, an sa mata rana. Saura wata huɗu biki wata ƙawarta ta kawo mata katin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, wai ta ɗan ciko kafin ranar. Sha-ka-fashe. A wani kemis aka saya, babu takardar likita, babu tambaya.

3/ Na leƙa gidansu a cikin birni na tarar fuskarta ta yi zagaye kamar faranti, wuya ya cika, amma damatsa sun sirance. Gwaggo sai murna take: "Kin ga ƙanwarki, hankali ya kwanta." Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Harhaɗa magunguna nake karanta a ABU, aji huɗu, kuma wannan fuskar mun gan ta a littafi.

4/ Na karɓi katin na juya bayansa. Dekzametazon. Na ce tun yaushe? Ta ce "Sati bakwai, Yaya. In babu kyau sai in daina yau, ai zuwa gobe ya fita daga jikina." Wannan maganar tata ita ce ta hana ni barci, kuma amsarta tana wajen ɓera.

5/ Mu koma baya. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira adirinal. A 1855 wani likita a Landan, Thomas Addison, ya rubuta bayanin marasa lafiyar da nasu ya lalace: kasala, rama, fata ta yi duhu, daga ƙarshe mutuwa. A 1856 Brown-Séquard a Faransa ya cire shi daga jikin dabbobi, suka mutu.

6/ Aka gane akwai abin da ƙullutun nan yake zubawa cikin jini wanda ba a rayuwa sai da shi. Amma kafin a kama abin a hannu sai da aka yi kusan shekara 80. A shekarun 1930 Edward Kendall a Mayo Clinic ta Amurka da Tadeus Reichstein a Suwizalan suka yi ta tace adirinal ɗin shanu da ake kwasowa daga mahauta.

7/ Kendall ya sa wa sinadaran da ya samu haruffa. Wanda ya kira E shi ne daga baya ya zama kotizon. Ranar 21 ga Satumba 1948 abokin aikinsa Philip Hench ya sa aka yi wa wata mata mai shekara 29 allurarsa. Ciwon gaɓoɓi ya kwantar da ita ƙwarai. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe, har ta fita sayayya.

8/ Duniya ta ɗauka. A 1950 aka ba su ukun, Hench da Kendall da Reichstein, kyautar Nobel. Sai dai maganin babu shi. Daga matsarmamar shanu ake haɗa shi, ta matakai sama da 30, ɗan abin da ake samu bai isa ko asibiti ɗaya ba. Aka shiga neman tsiron da zai gajarta hanya.

9/ Nan ne ƙasarmu ta shigo labarin, kuma wallahi ni ma sai a bana na sani. Kun san kwankwani? Itacen nan mai yaɗo da maharba ke dafa 'ya'yansa su yi dafin kibiya. A cikin irin wani nau'insa akwai sinadarin da ƙirarsa ta yi kusa da ta kotizon, har da wani lungu da ya fi ba masana wahalar haɗawa.

10/ Saboda haka tsakanin 1949 da 1950 aka yi ta turo tawagogi Afirka ta Yamma neman kwankwani. Ingila ta turo masanin sinadarai R. K. Callow da masanin tsirrai R. D. Meikle zuwa Najeriya, suka yi watanni suna tattara iri. Ku duba fa: abin da kakanninmu ke shafa wa kibiya, shi manyan masanan duniya suka zo nema a daji.

11/ Abin bai kai ga kasuwa ba. Wani irin a samu sinadarin, wani kuma kusan babu, ya danganta da inda itacen ya fito. Kafin a warware wannan, kamfanin Syntex a Meziko ya haɗa kotizon daga wata doyar daji a 1951. A 1952 Upjohn suka gano dangin funfunar burodi tana iya yin matakin nan mai wuya. Farashi ya faɗi, aka manta da kwankwani.

12/ Wani lokaci ina tunanin yadda Arewa za ta zama da kwankwani ne ya ci wannan tseren. Gonakinsa kusa da na auduga da gyaɗa? Ko kuwa shi ma ɗanye za a riƙa lodawa a jirgin ƙasa a kai Legas? Na fi zaton na biyun. Mu ci gaba.

13/ Da magani ya wadata sai aka ga ɗaya fuskar tasa. Masu shansa na tsawon lokaci fuska ta kumbura, suga ya hau, hawan jini, ƙashi ya yi rauni, ciwo ya ƙi warkewa. Harvey Cushing ya riga ya bayyana irin wannan kamanni tun 1932 a jikin mutanen da nasu sinadarin ya yi yawa. Yanzu ga shi likita na haifar da shi da allura.

14/ Ana ba da magani, ana ganin aikinsa, amma ba a san ta yaya yake yi ba. To ba za ka yanka mutum ka duba hantarsa duk bayan awa ɗaya ba. Shi ya sa aka koma kan ɓera. Farin nan mai jan ido, Wistar, wanda aka fara kiwo a Filadelfiya wajen 1906. Irinsa ne muke gani a keji a Samaru ranar firaktikal.

15/ A 1957 Lin da Knox a Harvard suka yi wa ɓera allurar haidirokotizon, suka ga wani inzayim a hantarsa ya ninka sau da yawa cikin 'yan awoyi. Inzayim shi ne ma'aikacin da ke hanzarta wani aiki a jiki. Wannan ana taƙaita sunansa TAT, aikinsa fara farfasa tairosin, ɗaya daga tubalan da ake gina nama da su.

16/ Ku riƙe wannan, zai dawo. Siteroyid yana gaya wa jiki cewa ana cikin tashin hankali, a samo suga ko ta halin ƙaƙa. Sai jiki ya warware naman damatsa da cinyoyi, ya aika tubalan hanta, hanta ta mayar da su suga. TAT yana cikin ma'aikatan wannan layin. Siririn hannun ƙanwata daga nan ya fito.

17/ A 1962 Francis Kenney ya nuna cewa sabon TAT hanta take ƙerawa, ba wanda ke kwance ake tasa ba. Sai wata tambaya ta taso. Me ya sa TAT ke tashi cikin awoyi, wasu inzayim ɗin kuma sai an yi kwanaki ana allura? An ɗauka maganin ya fi "son" wasu.

18/ 1965 ce shekarar da na fi so a labarin nan. Berlin da Schimke suka kawo lissafi mai layi ɗaya: canjin yawan inzayim daidai yake da abin da ake ƙerawa, a cire abin da ke lalacewa. Shi ke nan. Ɗan aji ɗaya a sashen lissafi zai warware shi kafin shayinsa ya huce.

19/ Bari in kawo shi gida. Ɗauki randa mai huda a gindi. Ɗan garuwa yana zuba ruwa ba tsayawa, huda tana zubarwa, kuma in ruwan ya yi yawa zubar ma ta ƙaru. Ruwa zai tsaya a wani tsayi inda shiga da fita suka zo daidai. Yanzu ka ce wa ɗan garuwa ya ninka zubi sau huɗu.

20/ Ruwan zai hau zuwa ninki huɗu na inda yake, ko wace irin randa ce. Amma yaushe zai kai? Nan abin mamakin yake. Saurin kaiwa sabon tsayi, hudar ce ke yanke shi. Randa mai babbar huda nan da nan take daidaita. Mai ƙaramar huda a hankali take hawa, kuma in an daina zubin a hankali take sauka.

21/ TAT babbar huda gare shi, rabinsa kan lalace cikin kusan awa 2. Wani inzayim mai suna ajines rabinsa sai kwana 4 zuwa 5. Don haka ko da magani ya ƙara ƙera su daidai wa daida, in ka duba bayan awa biyar TAT kaɗai za ka ga ya motsa. Wanda bai yi lissafi ba sai ya rantse ɗayan bai ji maganin ba.

22/ Af, ALT ɗin da kuke gani a takardar gwajin hanta yana cikin inzayim ɗin da suka auna, yana cikin masu tafiyar hawainiya. Amma kada a haɗa: a gwajin asibiti ana duba wanda ya tsiyayo cikin jini ne saboda hanta ta ji rauni. Su a cikin hantar kanta suke aunawa.

23/ Randa ta yi bayanin rabin labari. Saura jinkirin farko: me ya sa an yi allura amma sai a yi awa ɗaya ko fiye TAT bai ko motsa ba? Amsar ta fito a hankali daga shekarun 1960 zuwa 1985, lokacin da ɗakin binciken Ronald Evans ya karanto ƙirar abin da ke karɓar maganin a cikin ƙwayar halitta.

24/ Duk ɗan birni ya san ba a faɗa wa Fada kai tsaye, sai an yi maka iso. Haka siteroyid. Yana shiga ƙwayar hanta, ya tarar da mai iso a zaure, su riƙe hannu su wuce ƙurya inda DNA take. Can za a buɗe shafin TAT, a kwafo umarni a 'yar takarda, ita ce mRNA. Takardar ta fito zuwa maƙera, sannan a fara ƙira.

25/ Kowane mataki da lokacinsa, kuma kowane mataki randa ce mai hudarta. Wanda ya ɗauki wannan jerin ya mayar da shi lissafi shi ne William Jusko na Jami'ar Buffalo a jihar New York, tare da ɗalibansa da abokan aikinsa Richard Almon da Debra DuBois. Tsarin farko ya fito a 1986, da maganin firednisolon.

26/ Sun yi ta gyara shi, har suna kiran kowane gyara sabon zamani: na biyu a 1989, na uku a 1995, na huɗu a 1998, na biyar a 2002. Duk lokacin da aka iya auna wani sabon abu, kamar takardar mRNA, sai tsohon lissafin ya gaza, a ƙara masa randa. Shekara 16 a kan inzayim ɗaya. Mu ɗan furojet na wata uku muke kuka.

27/ Yadda suke gwajin: a fara cire wa ɓerayen adirinal, don kada nasu sinadarin ya rikita awo. Irin wannan ɓeran sai ana ba shi ruwan gishiri yake rayuwa. Sannan a yi masa allurar metilfirednisolon a jijiya, miligiram 50 a kan kowane kilo, a bi abin da ke faruwa har awa 72.

28/ Abin da ya tsaya min a rai: duk ɗigo ɗaya a kan zanen sakamakon, ɓeraye ne aka kashe a wannan lokacin aka ciro hanta. Ba a iya bin ɓera ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Lissafin ne ke ɗinke ɗigon nan su zama labari ɗaya, kuma in ya yi kyau sai a gwada wasu tambayoyin a kwamfuta, ɓeraye su huta.

29/ Ga abin da suka gani. A jinin ɓera maganin rabinsa kan tafi cikin kusan minti 30. Bayan 'yan awoyi da ƙyar ake ganin burbushinsa. Amma takardar mRNA sai wajen awa 5 zuwa 6 take kai ƙololuwa. TAT kansa yana biye da ita a baya, ba ya komawa inda yake sai an doshi kwana guda.

30/ Wato lokacin da aikin maganin ya fi ƙarfi, shi maganin ya riga ya bar gari. Kamar baƙon da ya zo Fada da hantsi ya ajiye saƙo ya fita ta Ƙofar Doka, amma sai da la'asar gari ya ɗauki hayaniyar abin da ya kawo. Wannan ce amsa ta farko ga "zuwa gobe ya fita daga jikina".

31/ A jikin mutum ma haka lissafin yake. Dekzametazon rabinsa kan bar jini cikin awa 3 zuwa 5, amma aikinsa yana kai awa 36 zuwa sama. Kuma ƙarfinsa ya ninka na kotisol ɗin jikinmu kusan sau 25. Ƙanƙantar ƙwayar ce ke yaudarar mutane, miligiram 0.5 kacal, sai a ga kamar ba komai.

32/ Abu na biyu da ɓera ya nuna ya fi ba ni tsoro. Bayan allura masu iso suna ɓacewa daga zaure kusan gaba ɗaya, don duk sun shige ƙurya. Wasu suna dawowa. Amma maganin yana kuma ba da umarnin a rage ƙera sababbin masu iso. Kafin adadinsu ya koma yadda yake sai an yi kwana 2 zuwa 3.

33/ Da suka sake yin allura bayan awa 24, TAT bai tashi kamar na farko ba, saboda masu ison ba su gama dawowa ba. A aikin 2002 kuma suka dasa wa ɓeraye ɗan famfo mai ɗiga magani kwana 7 ba tsayawa. Masu iso suka sauka ƙasa suka zauna a can. Jiki ya sake tsara kansa a kan cewa maganin nan ya zo zama.

34/ To ba hanta kaɗai ke sake tsari ba. Ƙwaƙwalwa tana lura da yawan siteroyid a jini. In ta ga ya wadata sai ta daina aika wa adirinal umarni. Sati ɗaya, biyu, uku, adirinal ya saba da zaman banza har ya fara motsewa. Ƙa'idar da ake koya mana: wanda ya wuce sati 3 yana sha, ba a yanke masa rana ɗaya.

35/ Ku tuna ɓeran da aka cire wa adirinal, mai rayuwa da ruwan gishiri. Wanda ya yi sati bakwai a kan dekza ya daina farat ɗaya, kusan halin da ya jefa kansa ke nan: na waje ya tafi, na ciki bai farka ba. Jiri, amai, kasala, jini ya faɗi ƙasa, suga ya faɗi. In zazzaɓi ya haɗu da shi a lokacin, ana iya rasa rai.

36/ Shi ya sa ban ƙwace katin na jefa a kwata ba, duk da raina ya so. Da na yi haka da na fi ƙawar tata cutar da ita.

37/ Kada wani ya karanta zaren nan ya ce maganin guba ne. Mai asma da numfashi ya sarƙe ya san darajarsa. Ana yi wa mai ciki da za ta haihu kafin lokaci allurarsa don huhun jariri ya nuna. A 16 ga Yuni 2020 masu binciken Oxford suka sanar cewa ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

38/ Kuma ɓera ba mutum ba ne, su kansu masu lissafin sun sani. Lambobin ɓera ba a ɗora wa mutum su kai tsaye. Ko agogon jikinmu ya bambanta: namu sinadarin da sassafe yake tashi, na ɓera da magariba, don shi da dare yake yawo. Abin da ke tsallakowa zuwa gare mu shi ne tsarin: iso, takarda, ƙira, jinkiri.

39/ Abin da nake ganin tarihin nan ya canza shi ne tambayar da ake yi. Da ana tambayar nawa ne a cikin jini. Bayan Berlin da Schimke da Jusko sai aka koma tambayar me maganin ya tayar, kuma yaushe abin zai lafa. A kemis ɗin unguwa ko tambayar farkon ba a yi, "na nawa za a ba ki" kawai ake yi.

40/ Kuma ba ƙwaya kaɗai ba ce. Mayukan bilicin da yawa akwai dangin maganin nan a ciki, irin su kulobetasol da betametazon. Fata tana tsotsa. Mai shafawa daga fuska har ƙafa kullum tsawon watanni, adirinal ɗinta bai san bambancin mai da ƙwaya ba. Shi ma sha-ka-fashe wani ana haɗa shi da maganin buɗe ciki, a sha biyu a lokaci ɗaya.

41/ Ƙibar ma ba ƙiba ba ce ta ƙoshin lafiya. Ruwa ne da gishiri jiki ya riƙe, sai kitse da ya tattaru a fuska, ƙeya da ciki, ga yunwa ba dare ba rana. Naman gaske kuwa raguwa yake. Na zana wa ƙanwata randar nan a bayan littafinta na islamiyya, na nuna mata inda take a kan layin.

42/ Gwaggo ce ta fi wuyar shawo kai. "Ke da karatun naki, yarinya ta samu jiki za ki sa mata ido." Na ce "Gwaggo, ki taɓa damtsenta, ki kuma duba bayan cinyarta." Akwai wasu jajayen layuka da suka fara tsagowa a fatar. Ta yi shiru. Washegari ita da kanta ta ɗauko mayafi muka tafi asibiti.

43/ An auna suga, ya ɗan hau. Jini ma haka. Likita bai yi faɗa ba, da alama ba yau ya fara gani ba. Ya sauya mata zuwa wani mai gajeren aiki, ya rubuta jadawalin ragewa mako-mako, a sha da safe lokacin da jiki ya saba fitar da nasa. Ya ce in ta ji jiri ko amai ko zazzaɓi, a dawo da ita a ranar, kada a jira.

44/ Jadawalin yana manne a bayan ƙofar ɗakinta, tana soke kowace rana da biro. Satin farko ta yi ta ciwon jiki da ƙunci, ta daina ɗaga wayata kwana biyu. Yanzu saura kwana 19 biki, tana kan rabin ƙwaya. Kumatun sun fara sauka, layukan cinya dai suna nan. Jiya aka mayar wa tela kayan fitar biki ya rage wuya.